Jan Kafet da Baƙin Bunsurun Baba

Ranar da aka kai Baba makwancinsa zaure ya kasa ɗaukar mutane, sai da aka shimfiɗa tabarmi har gindin ɗorawar da ke bakin hanya. Baba mahaifin maigidana ne. Shekara goma sha ɗaya na yi a gidansa, a ƙauyenmu da ke bayan Maska, ban taɓa faɗar sunansa ba, kuma ba don ya mutu zan fara yau ba. Na Allah muke, wurinSa za mu koma, Baba dai ya riga mu ne.

Mu mata muna cikin gida, amma dangar kara ba ta tare magana. Na ji wani yana cewa Baba ne ya kai matarsa asibiti ana tsuga ruwa. Wani ya ce shekara bakwai Baba yana ɗauko masa taki daga Funtuwa, bai taɓa nuna masa gajiya ba. Amininsa Bamaguje ya taho da keke tun daga wajen Kafur, ya zauna can gefen tabarma, bai san addu'ar da ake yi ba, sai hawaye yake sharewa da hularsa. Amma duk wanda ya yabi Baba, in ya zo ƙarshe sai ya sassauta murya ya ce, "Sai dai abin nan." Sai na kusa da shi ya ce, "Allah mai gafara ne."

A cikin gida, Goggo ce ta fito da abin fili. Ita ce yayar Baba, ita ta goye shi yana jariri, an ɗauko ta daga Mahuta da ƙyar take takawa. Ta ɗaga hannu tana kuka ta ce, "Allah shi yafe mashi bunsurun nan. Ya Allahu kada Ka kama ƙanena da bunsurun nan."

Mata suka ce amin. Ni ina tsugune a bakin murhu ina iza wuta, hayaƙi ya ba ni dalilin hawaye. Duk ɗakin nan, ni da Inna, uwar maigidana, mu kaɗai muka san labarin bunsurun. Asirina ne a ƙarƙashinsa, Baba ya rufa mini shi shekara tara, ya mutu bai buɗe ba.

Bari in fara da motar, don wanda bai san ta ba bai san Baba ba. Tsohuwa ce mai dogon baya, ya saye ta hannun wani ma'aikacin gidan gurzar auduga a Funtuwa. Tun kafin a sauya hannun tuƙi aka shigo da ita, shi ya sa sitiyarinta yake dama. Sunanta a bakinsa Tsohuwa, kuma hira yake da ita kamar mutum. In ta ƙi tashi sai ya ce, "Haba Tsohuwa, a gaban baƙi?" In sun hau tudu lafiya ya bubbuga ta ya ce, "Sannu da aiki." Inna takan ce da zai yi mata rabin lallashin da yake wa motar nan, da ta yi ƙiba.

A ƙasanta akwai jan kafet. Wannan kafet shi ne abin alfaharin Baba, kuma shi ne abin tsokanarsa a gari. Ba ka shiga motarsa da takalmi. Ko kai wane ne, sai ka tuɓe ka riƙe a hannu kamar za ka shiga masallaci. Ba a cin rake a ciki, ba a ɗaukar kaza, mai goro ya haɗiye yawunsa har a isa. Kowace Juma'a da hantsi yakan share shi da ɗan buroshi, ya turara. Manomi ne na auduga da masara, kuma shi ne na'ibin limamin garinmu, mutum mai tsabta har ta yi yawa. Ya sha faɗa cewa wanda bai iya tsare abin da yake takawa ba, ba zai tsare abin da aka ba shi amana ba.

Da cikina na fari ya tsufa, aka mai da ni gidanmu Malumfashi goyon ciki, yadda ake yi. Naƙuda ta zo mini da gardama. Kwana uku ina durƙushe, ungozoma ta yi iyakar saninta. Baba ne ya ji labari ya taho da Tsohuwa ya kai ni asibiti. Aka ciro ɗa namiji ba rai. Bayan kwana kaɗan na lura fitsari yana bi na ba tare da na sani ba, a zaune, a tsaye, a kwance. Yoyon fitsari ke nan. Na san matan da abin ya sama, na san yadda ake yi da su: a ware musu kwano, a yi musu bukka a bayan gida, takardar saki ta biyo baya. Mahaifina ma na ga ya sa an gyara ɗakin da ke kusa da turken awaki.

Ranar da na yi arba'in sai ga ƙarar Tsohuwa a ƙofar gida. Ina jin su a zaure. Mahaifina yana ta kewaye-kewaye, yana cewa ai a bar ta nan tukuna, akwai lalura. Baba ya ce, "Na san lalurar, Malam. Ni na kai ta. Ɗiyata na zo ɗauka." Daga baya Inna ta gaya mini maigidana ya ɗan yi rawa a lokacin, yaro ne, abokai suna ta zuga shi. Baba ya kira shi gona ya ce masa, "Ɗanka ta je haifowa ta samo wannan. In ka sake ta, ka nemi wani uban." Bai sake rawa ba, kuma ban riƙe shi da wannan ba.

To, a nan na tafka wautar da har yau in na tuna nake rufe fuska. Suruka ba ta zama daidai da surukinta. A gida in Baba ya shigo ƙasa nake zubewa, ban taɓa hawa kujera yana wuri ba. Da aka buɗe mini ƙofar baya, na dubi kujerar nan mai sheƙi, na dubi ƙeyar Baba, sai na lallaɓa na zauna a ƙasa, bayan kujerarsa, a kan jan kafet. A tunanina na yi ladabi, kuma na tsare masa abu mai daraja. Inna ta yi ta jan hannuna, na ƙi. Baba ya leƙa madubi, ya bubbuga sitiyari ya ce, "Tsohuwa, ce ma ta bayanki kujerarki roba ce, gogewa ake yi."

Haka yake mini magana, ta bakin mota. Ni ba ni da ikon amsa masa, shi ba ya son ya kunyata ni, sai Tsohuwa ta zama 'yar aike. Amma ranar ban ji aiken ba. Daga Malumfashi zuwa Funtuwa, daga can mu karya zuwa Maska a kan gargada, tsummokaran da na naɗa ba su yi komai ba. Da na tashi, wurin ya yi baƙi ya jiƙe sharkaf. Na so ƙasa ta tsage.

Washegari bayan la'asar na leƙa ta kafar danga. Baba ya kai motar garkar bayan gida inda ba mai wucewa. Ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun ta ciki, ya durƙusa da soso da sabulun salo yana dirza. Bai sa kowa ba, don wanda ka sa aiki ka ba shi labari. Ya wanke da ruwan toka, ya matse lemun tsami, ya bar ƙofofi a buɗe rana ta bugi wurin. Sannan ya je ya yi wanka ya sauya kaya ya tafi ba da sallar magariba. Na'ibin gari guda, yana wanke fitsarin surukarsa. Na koma ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ɗana.

Wankin bai yi ba. A ƙarƙashin kafet ɗin akwai wani abu mai kauri kamar bargo da aka manne da ƙarfen, shi ya shanye, soso ba ya kai masa. Da safe ka rantse ya tafi, rana na take sai ya taso. Ga shi tafiya ba ta ƙare ba. Likitan wani asibiti a ƙasar Zazzau ya ce ana iya ɗinkewa, amma sai an yi ta zuwa. Daga baya na yarda na hau kujera da leda a ƙarƙashina, duk da haka in mota ta faɗa rami sai abin ya gangara ƙasa. Kowace dawowa Baba na garka da sosonsa. Inna ta ce masa ya kai a sauya kafet ɗin mana. Ya ce mai sauyawa hanci gare shi, kuma ba a sabunta shimfiɗa ana tsakiyar tafiya.

A gari an san ba ni da lafiya tun haihuwa, ba a san ko mene ne ba. Ina cikin kulle, Inna na tsare ƙofa. Ta mota kaɗai asirin zai iya fita, don ranar kasuwa Baba yakan ɗauki mutane zuwa Funtuwa. Ran nan wata mai sai da daddawa, wadda ta fi kowa baki a garin, ta tuɓe takalmi ta shiga, ta ja hanci sau biyu ta ce, "Malam Na'ibi, wa ka ɗauko a motar nan?" Ya ce mata, "Bayin Allah." Ta gyaɗa kai kamar wadda ta samu abin tauna.

Kwana biyu bayan haka ya tafi wajen Kafur. Ya ce wa amininsa Bamaguje, "Bunsuru nake so, wanda ya fi kowane wari a garkenka." Mutumin ya dube shi, bai tambayi dalili ba, ya shiga ya jawo wani baƙi wuluk mai gemu, wanda ko awaki gudunsa suke. Baba ya ɗaure shi a cikin mota, daidai wurin da na zauna.

Wanda ya san bunsuru ya san shi da kansa yake yi wa jikinsa fitsari. Cikin mako guda ba hancin da zai iya rarrabe komai a motar nan. Duk ranar kasuwa bunsuru na ciki, yana tauna gefen jan kafet yana kallon fasinja. Aka daina tuɓe takalmi. Mai daddawa ta ce ashe abin da ta jiyo ke nan, ta tofar da yawu ta koma hawa akori-kura. Da farko dariya ake yi, har ni sai da na yi ran da Inna ta ce kishiyarta Tsohuwa ta samu miji.

Abin da Baba bai lissafa ba shi ne launin dabbar da inda ta fito. Baƙin bunsuru, daga gidan Bamaguje, a hannun mutumin da da ko kaza ba ya ɗauka. Aka ce ruwa ba ya tsami banza. Aka ce boka ne ya ba shi don auduga ta yi auki. Aka ce a'a, matar ɗansa ce iskoki suka taɓa, ana yi musu hidima. Ranar da liman ya yi tafiya, Baba ya matsa gaba zai ba da salla, sai wani dattijo ya riƙe masa gefen riga ya tura wani. Baba ya koma sahu na biyu ya ta da kabbara tare da kowa. Daga ranar bai sake ja wa garin nan salla ba har ya bar duniya.

Goggo ta taso daga Mahuta musamman. Ina ɗakin Inna ina jin su a tsakar gida.

"Gidan malamai muka fito, ni da kai. Tsohonmu allo ya bar mana, ba tsafi ba. Mene ne wannan?"

"Bunsuru ne, Yaya."

"Na ga bunsuru ne, ba makauniya nake ba! Na mene ne?"

"Nawa ne. Motar ma tawa ce."

"Ka dube ni ka ce mani ba ka kauce hanya ba."

"Ban kauce ba, Yaya."

"To fidda shi yau."

"Ba yau ba."

Na miƙe zan fita. Wallahi na miƙe. Inna ta damƙe mini wuyan hannu har sai da ya yi shaida, ta ce a kunnena, "In kin fita kin zubar mashi da wahalar shi." Goggo ta rantse ƙafarta ba za ta sake taka motarsa ba. Ya ce bari ya kai ta tasha, ta ce Allah shi kiyaye, ta ɗauki ƙunshinta ta tafi a ƙasa. Da dare bai ci tuwo ba, don duk duniya ba wanda yake jin nauyi kamar ita.

Aikin farko da likita ya yi mini bai kama ba. Muka ci gaba da zirga-zirga, ni da Inna a kujera, bunsuru a bar shi gida ranar asibiti, a mai da shi ciki da mun dawo. Shekara biyu cur. Bayan aiki na biyu aka cire mini robar fitsari, na kwana na tashi shimfiɗata a bushe. Da muka dawo muka tsaya a ƙofar gida Baba ya bubbuga sitiyari ya ce, "Tsohuwa, yaya hanya?" Inna ta shafa kujerar da na tashi, ta ce, "A bushe, Malam." Ya kifa goshinsa a kan sitiyari ya daɗe bai ɗago ba.

Bai yi gaggawa ba, sai da ya ga wata uku sun wuce lafiya. Rannan za a kai ni Malumfashi gaida iyayena, sai ya tsaya a Funtuwa wurin mai kushin, wani Bayarabe haifaffen garin wanda Hausarsa ta fi tawa. Mutumin ya yi ta murna, ya ce shekara biyu yana roƙon Malam ya kawo motar nan a cece ta. Muna zaune a benci ni da Inna, ya kwance kujeru ya fito da su, ya sa ƙarfe ya ɓanɓaro kafet ɗin da bargon da ke ƙasa yana toshe hanci. Da ƙarfen ƙasa ya bayyana, ko'ina lafiya lau, sai wuri ɗaya bayan kujerar direba da tsatsa ta ci, da wata hanya da ta gangaro daga gindin kujerar baya. Ya tsaya yana kallo. Mutum ne da ya buɗe ƙasan motoci da yawa. Ya ce, "Malam, wannan ai ba..." Sai idonsa ya faɗo kaina.

Baba ya ce, "Bunsuru ne."

Mai kushin ya sunkuyar da kai ya ce, "Bunsuru ne, Malam. Mugun bunsuru." Ya kankare tsatsar, ya shafa fenti, ya shimfiɗa tsohon a kan sabo ya yanka daidai da shi, ya zuba gam ya manne. Kore Baba ya zaɓa. Tsohon kuwa bai bari a jefa bola ba, ya naɗe shi ya kai gona ya ƙone da hannunsa. Bunsurun ya mayar wa mai shi, mutanen gari suka ce aiki ya ci, an mai da kaya. Dokar tuɓe takalmi ta dawo, amma na'ibanci bai dawo ba.

Sau ɗaya na gwada. Bayan na haifi 'yata ta fari, na durƙusa a bakin zaure yana goge mota, na ce wa Inna ta gaya masa ina so in faɗa wa Goggo gaskiya, ko ita kaɗai. Bai juyo ba. Ya ce, "Tsohuwa, ce mata ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ɗiya mace gare ta yanzu, bakin mutane kuwa ba ya tsufa. Sahu na biyu ma salla ce." Na so in ce na gode, ko ta bakin motar ne. Kunya ta riƙe mini harshe, na tashi na koma ciki. Ban taɓa gode masa ba, wannan shi ne abin da ke ci na.

Ranar sadakar uku ɗakin Inna ya cika da mata, har da mai daddawa, ta tsufa amma bakin na nan. Goggo ba ta ci komai ba tun ranar rasuwa. Ta sake ɗaga hannu ta ce ita ba mutuwarsa ke damunta ba, kowa zai tafi, abin da zai tarar can ne ke hana ta barci. Na dubi 'ya'yana mata biyu suna wasa a bakin ƙofa. Na san abin da za a riƙa faɗa musu in sun girma. Na dubi Inna, wannan karon ba ta riƙe mini hannu ba.

Na ajiye kwanon da ke hannuna, na durƙusa a gaban Goggo na ce, "Goggo, warin nan ba na bunsuru ba ne. Nawa ne." Na faɗi duka, da yoyon, da zaman ƙasa, da garka, da soso. Ban rage komai ba. Mai daddawa ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Na san kafin la'asar labarin zai kai zaure, kafin Juma'a ya kai Mahuta, kuma abin da nake so ke nan.

Baba, na saɓa maka, ka yafe mini. Ka rufa mini asiri a duniya da mutuncinka, Allah Ya rufa naka ranar da ba mai rufawa sai Shi. Na gode. Na gode, Baba.

Goggo ta dube ni. Sannan ta ce, "Ɗaga ni." Na kama ta muka fita ta ƙofar baya zuwa garka, inda Tsohuwa take a gindin mangwaro, rabonta da tashi tun da ciwo ya kwantar da shi. Ta ce in buɗe mata ƙofar baya. Ta dafa kafaɗata, ta tuɓe takalmanta ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe su a hannu, ta shiga.